Yadda sabon manomi zai shiga garin noma mai samar wa kansa wuta, ya kuma ci moriyar tallafin gwamnati

Wanda ya shiga noma da girmansa, bai gaji gona ba, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne kuɗin mai. Injin ban ruwa yana sha, injin casa da na niƙa suna sha, motar da za ta kwashe amfani tana sha. Idan kuwa madara ko kayan lambu yake fitarwa, to sanyaya su wani rami ne da ba ya cika. Tsohon manomi yana da rumbu, yana da dabbar da zai kai kasuwa ya toshe giɓi. Sabo kuwa bashi ne a wuyansa, sai fatan damina ta yi kyau.

Gwamnatoci sun san da wannan, kuma suna da nasu dalilin na damuwa: manoma sun tsufa. Ƙidayar gonakin Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya kai 58. A Tarayyar Turai, a 2020, kashi 12 cikin ɗari kacal na masu riƙe da gonaki ne ba su kai shekara 40 ba. A Japan matsakaicin ya doshi 70. Shi ya sa ake ta neman hanyar jawo sabbin hannu, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a haɗa manoma a gari guda, a taimaka musu su samar wa kansu wuta daga rana, iska, kashin dabbobi da tarkacen gona, su rage dogaro da man da ake kawowa daga waje.

Tsari ne mai kyau. Amma tun daga nan ka riƙe abu guda: tallafi kaya yake saya, ba ya sayen gyara. Ranar da aka yanka zare aka tafa, ranar ce nauyin ya dawo kanku. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka tsaya.

Mataki na farko: ka tabbata kai "sabon manomi" ne a idon doka

Kai dai ka san jiya ka fara, amma hukuma da takarda take aiki. Kowace ƙasa tana da ma'aunin da ta gindaya. A Amurka, ma'aikatar noma tana ɗaukar mutum sabo ne muddin bai wuce shekara 10 yana riƙe da gona ba, kuma tana da ƙaramin rance da ya kai dala 50,000 wanda irinsa ke nema. Tarayyar Turai shekarun haihuwa take dubawa, iyakarta 40, ta kuma wajabta wa ƙasashenta su ware aƙalla kashi 3 cikin ɗari na kuɗin tallafin kai tsaye domin matasan manoma a zangon 2023 zuwa 2027. Tallafin kafa gona yana iya kaiwa yuro 100,000. Japan tana ba wanda bai kai shekara 50 ba tallafin kuɗi duk shekara, tun yana koyo, da sharaɗin idan ya gama koyon bai shiga noman ba zai mayar da kuɗin.

Saboda haka ka je ofishin aikin gona mafi kusa, ka zauna da malamin gona, ka nemi ƙa'idar a rubuce. Daga wace rana ake fara ƙirga maka shekarun noma? Daga ranar da ka sayi fili, ko ranar da ka yi rajista, ko ranar da ka fara sayar da amfani? Akwai waɗanda suka yi gaggawar rajistar gona da sunansu shekaru kafin su fara aiki, agogo ya yi ta tafiya suna barci, da suka zo neman tallafi aka ce sun tsufa a harkar.

Ka kuma sani cewa tallafin sabon manomi da tallafin makamashi galibi ƙofofi biyu ne daban, wani lokaci ma a ma'aikatu biyu da ba sa ga maciji da juna. Ka tambaya ko an yarda a haɗa su a aiki ɗaya, kuma har zuwa kashi nawa.

Mataki na biyu: ƙasa kafin komai

Faifan sola yana yin shekara 25 ko fiye. Rijiyar burtsatse, idan an haƙa ta da kyau, tana iya fin haka. Ba hankali ba ne ka ɗora irin wannan kaya a kan filin da aka ba ka aro na damina biyu. Hukumomin tallafi ma ba sa yarda, bankuna kuma ko sauraronka ba za su yi ba. Idan saye ka yi, takardar mallaka ta fito da sunanka. Idan haya ce, wa'adinta ya kai aƙalla tsawon shekarun biyan bashin, a kuma rubuta ƙarara wanda zai mallaki rijiya da kayan wuta in haya ta ƙare. Filin da za a kafa tashar wutar gari kuwa, da sunan ƙungiya za a rubuta shi, ba da sunan wani mai kirki da ya bayar kyauta da baki ba. Mai kirki yana mutuwa, magada kuma ba su ji lokacin da aka yi alkawari ba.

Kar ka manta da izinin ruwa. A wurare da yawa haƙa rijiya mai zurfi ko jan ruwa daga kogi sai da lasisi.

Mataki na uku: ka zaɓi mutanen, ka je ka gani da idonka

Hanya biyu ce: ko ka shiga garin da ya riga ya kafu, ko ku haɗu ku kafa naku. Ga sabon shiga, ta farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin za ka tarar da layin wuta a shimfiɗe, da mutanen da suka riga suka sha wuyar koyo.

Garuruwan da suka yi suna a wannan fanni ba da sabbin manoma zalla aka gina su ba. Ƙauyen Jühnde na Jamus, mai mutane ƙasa da dubu, ya fara aiki da tasharsa ta iskar gas a 2005 bayan shekaru ana zama ana shawara tare da masana daga Jami'ar Göttingen. Manoman garin ne ke kawo kashin dabbobi da amfanin gona, ƙungiyar gama kai ce ta kafa tashar, kusan kashi 70 cikin ɗari na gidaje suka jona bututun ɗumama ɗaki. Feldheim, wani ɗan ƙauye ne mai mutum wajen 130 kudu da Berlin. Injinan iska na farko sun tsaya a can a tsakiyar shekarun 1990, tashar gas ta zo a 2008, sai a 2010 suka kammala shimfiɗa layin wutarsu na kansu, kowane gida ya zuba yuro 3,000, gwamnati da Tarayyar Turai suka cika. Ka duba tazarar: wajen shekara 15 daga injin farko zuwa cin gashin kai. Tsibirin Samso na Denmak ya ci gasar gwamnati a 1997, ya ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya cika burinsa na dogaro da makamashin da yake samar wa kansa, kuma manoman tsibirin suna cikin masu hannun jari a injinan, suna kuma sayar wa tashoshin ɗumama gidaje da karan hatsinsu.

Abin da ya haɗa ukun shi ne mutanen gari sun sa kuɗinsu. Wanda ya zuba nasa ba ya barin kaya su lalace yana kallo.

Idan ka je ziyara, kar ka tsaya ga shugaba kaɗai, shi aikinsa yabon gari. Ka nemi ma'aji ya nuna maka littafin kuɗi. Ka tambayi matan da ke girki ko gas ɗin yana kai su ƙarshen wata. Ka nemi wanda ya fita daga ƙungiyar ka ji ta bakinsa. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace: yaushe wani babban abu ya lalace na ƙarshe, kwana nawa aka yi kafin a gyara, kuma daga aljihun wa?

Mataki na huɗu: lissafin abin da gonarka za ta sha

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutane suna fara tambayar faifai nawa gwamnati za ta bayar, alhali tambayar farko ita ce me za ka noma, kuma wane aiki ne ke buƙatar wuta, a wane wata, da ƙarfe nawa. Wuta ce ke bin noma.

Ka ɗauki takarda ka ja layi 12, wata-wata. A kowane layi ka rubuta injinan da za su yi aiki, ƙarfin kowanne da kilowat, da awa nawa zai yi a rana. Ƙarfi sau awa shi ne yunit, wato abin da mita ke ƙirgawa. Injin kilowat 2 da ya yi awa 3 ya sha yunit 6.

Ban ruwa shi ne ya fi cin wuta a yawancin ƙananan gonaki, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ruwa mai kaurin milimita 1 a kan hekta guda daidai yake da lita 10,000. A ce shukarka tana buƙatar milimita 5 a rana lokacin zafi, ka ga lita 50,000 ke nan, wato mita kubik 50. A ce daga inda ruwan yake a cikin rijiya zuwa saman tanki mita 30 ne. Ka ninka 50 da 30, ka raba da 367, za ka sami yunit 4 da ɗan ɗoriya. Wannan a takarda ne. A zahiri famfo da waya da bututu suna cinye kusan rabi, don haka ka ɗauka yunit 8 kake bukata. A ƙasar da rana ke da ƙarfi, faifai mai kilowat 1 yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. A arewacin Turai matsakaicin bai kai 3 ba, da hunturu kuma ya faɗi warwas. To a ƙasa mai rana, kilowat 2 zai ɗauki wannan aikin da ƙyar, kilowat 2 da rabi zai ɗauke shi da sarari, ko da ƙura ta rufe faifan ko hadari ya taso.

Ka lura da lambar 30 ɗin nan. Ba zurfin ruwan da ka auna da safe kafin a kunna famfo ba ne. Ruwan rijiya yana sauka idan ana ja, yana kuma ƙara sauka a ƙarshen rani. Sai an yi gwajin jan ruwa na awanni an ga inda ya tsaya, sannan a sayi famfo. Wanda ya sayi famfo kafin gwajin rijiya, ya ɗinka riga ne bai ga mai sawa ba.

Da kowa ya gama nasa, sai a haɗa na gari baki ɗaya. Ba jimla kawai ake nema ba, ana neman lokacin da kowa ke kunna kaya a tare. Idan manoma goma duk da hantsi suke ban ruwa, tashar sai ta yi girman da zai ɗauki goman. Idan suka raba awanni, ƙaramar tasha ta wadatar, kuma rabon awanni ba ya cin ko sisi. Haka nan ruwan ɗigo maimakon kwararo yana rage ruwan da ake ja, ya rage girman famfo da yawan faifai. Wutar da ba ka sha ba ita ce mafi arha.

Mataki na biyar: ku zaɓi abin da ƙasarku ke da shi

Sola ta fi kowanne sauƙin kafawa, babu abin da ke juyawa a cikinta balle ya ci, kuma ƙarfinta yana raguwa ne da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Matsalarta batir. Batirin dalma yana yin shekara 3 zuwa 5, na litiyam yana iya kai 10 ko ya wuce amma da tsada, inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, tsakanin shekara 10 zuwa 15 take neman canji. Shawarata ita ce duk aikin da zai yiwu da rana, a yi shi da rana. A ja ruwa a tara a tanki mai tsayi, da dare nauyinsa zai gangaro da shi. Tanki shi ne batirin da ba ya mutuwa. A yi niƙa da casa da azahar. Ɗakin sanyi ma akwai wanda ke daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe sanyi har safe. Batir a bar shi ga fitila, cajin waya da ƙananan kaya.

Ɗakin sanyin nan kuwa kar a raina shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isa shago. Sabon manomi da zai iya riƙe kayansa kwana uku ba ya sayarwa a farashin da ɗan dillali ya ga dama.

Iskar gas daga kashin dabbobi tana da daɗin faɗa, amma sai an yi lissafi. Kilo guda na ɗanyen kashin shanu yana ba da kusan lita 40 na gas. Gidan da ke buƙatar mita kubik 2 a rana don girki, kilo 50 na kashi zai riƙa zubawa kullum, tare da ruwa kwatankwacinsa. Wannan aikin shanu huɗu ko biyar ne da ke ɗaure a turke. Waɗanda ke yini a kiwo, rabin kashinsu a daji suke barinsa. Idan wutar lantarki ake so daga gas ɗin, mita kubik guda ba ya wuce yunit 2 ko a inji mai kyau, wato yunit 20 a rana sai da kilo 250 na kashi. Ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin kuma zafi suke so, wajen digiri 35, da sanyi ya shigo aikinsu yana ja baya. Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce ruwan takin da ke fitowa ta ɗaya gefen, wanda ke rage kuɗin takin zamani. A ganina, garin da ba shi da garke a ɗaure ya bar maganar gas tukuna, komai yawan tallafin da aka ɗora a kai.

Injin iska kuwa sai an auna iskar wurin na tsawon shekara guda. Ƙarfin da ake samu yana bin saurin iska ne, sauri sau sauri sau sauri: sauri ya ragu da rabi, wuta ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Wurin da hula ke tashi daga kai sau biyu a wata ba wurin injin iska ba ne.

Akwai kuma dabarar ɗaga faifan sola sama a yi noma a ƙarƙashinsu. Japan ta halatta haka a filayen noma tun 2013, da sharaɗin kada amfanin ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari idan aka gwada da na maƙwabta. Sharaɗin yana da hikima, domin ba don shi ba da yawa za su bar gona ta koma saura suna karɓar kuɗin wuta. Ganye da wasu kayan lambu suna jure inuwa, har ma su ji daɗinta a wuri mai zafi. Hatsin da ke son rana tsantsa ba haka yake ba.

Janareta ɗaya na gari a ajiye shi don ranar tsautsayi. Ba abin kunya ba ne.

Mataki na shida: rajista da tsarin mulki

Hukuma ba ta ba taron jama'a kuɗi, sai ƙungiya mai rajista da asusun banki. Yawancin irin waɗannan garuruwa gama kai suke yi, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. A tsarin mulkin a rubuta kuɗin shiga, yadda ake sa farashin yunit, hukuncin wanda bai biya ba, yadda ake rabon wuta in ta yi ƙaranci, da abin da mai fita zai tafi da shi. Cire kuɗi sai da sa hannu biyu ko uku.

Kai sabo, ka sa ido a kan abu biyu. Na farko, a yarda ka biya kuɗin shigarka kashi-kashi daga girbi. Na biyu, jerin ban ruwa kada ya bi girma ko daɗewa a gari, in ba haka ba kullum kai ne na bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi famfo yana tari.

Mataki na bakwai: takardar neman tallafi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da wuya ka ga shirin da ke biyan komai. Shirin PM-KUSUM na Indiya, wanda aka fara a 2019, misali ne mai kyau na yadda ake raba nauyi: a kan famfon sola, an tsara gwamnatin tarayya ta biya kashi 30, jiha 30, manomi 40, kuma daga cikin nasa yana iya karɓar rancen 30 ya fara da 10 daga aljihu. Shirin makamashin karkara na Amurka, wanda dokar noma ta 2008 ta kafa, ya daɗe yana biyan kashi 25 ne kawai na kuɗin aiki. Don haka tun kafin a buɗe karɓar takardu, kasonku ya zama yana cikin asusu, da shaidar banki.

Abin da ake nema kusan ɗaya ne ko'ina: shaidar rajista, takardar fili, tsarin kasuwancin gona, lissafin wutar da kuka yi a mataki na huɗu, rahoton gwajin rijiya, da farashin kaya daga 'yan kwangila biyu ko uku. Tsarin kasuwancin shi ne zuciyar takardar. Ka nuna wanda zai sayi amfaninka, ka rubuta lissafin shekarar da damina ta ƙi ba ta mai albarka kaɗai ba. Masu tantancewa sun gaji da karanta takardun da kowace shekara riba ke ninkawa.

Tarkuna uku ne ke kama mutane a nan. Yawancin shirye-shirye ba sa biyan abin da aka saya kafin amincewa, don haka kar ka kafa ko ƙusa sai takardar amincewa ta zo hannu. Da yawa kuma biyan baya suke yi: ku kashe, ku kawo rasit, a zo a duba, sannan a mayar muku, abin da kan ɗauki watanni. Sai kun tanadi rancen da zai riƙe ku a tsakani, kun kuma sa kuɗin ruwansa a lissafi. Na uku, akwai shekarun da dole kayan su zauna a inda aka kafa su suna aiki. Wanda ya sayar da famfo ko ya bar noma kafin wa'adi, za a bi shi kuɗin.

Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a gaba, ka ƙyale shi. Ko ya cika alkawari, sunan da aka saya da na goro shi ne farkon fita ranar bincike.

Mataki na takwas: ɗan kwangila

Mafi arha ba shi ake nema ba. Ku je ku ga aikin da ya yi shekara uku da suka wuce, ba na makon jiya ba. A rubuta sunan kamfani da lambar kowane kaya a yarjejeniya, don kada a kawo wani daban ranar kafawa. Garanti ya zama a rubuce, da adadin kwanakin da zai zo in an kira shi. A riƙe wani kaso na kuɗinsa har kayan su yi zango guda suna aiki. Kuma ya koya wa mutum biyu ko uku daga cikinku wanke faifai, duba waya, karanta inbata da canza fiyus. Wannan aiki ne da ya dace da sabon manomi: ba shi da garke ba shi da faɗin gona, amma yana iya zama mutumin da gari ba ya iya rabuwa da shi, ya kuma sami ɗan albashi a watannin da gona ba ta kawo komai.

Mataki na tara: mita da asusun gyara

A watan Yulin 2014 aka ƙaddamar da tashar sola mai kilowat 100 a ƙauyen Dharnai na jihar Bihar a Indiya, aka yi ta shela cewa ƙauyen ya tsaya da ƙafarsa. Ba a jima ba layin gwamnati ya iso da wuta mai rahusa, mutane suka koma can, kuɗin shiga ya ragu. Bayan 'yan shekaru batura suka mutu, babu abin canza su, faifai suka zama rumfar dabbobi. Rana ba ta daina fitowa a Dharnai ba. Asusu ne babu.

Hanyar kauce wa wannan lissafi ne na firamare. Kowane kaya ku raba farashinsa da yawan watannin da zai yi. Batirin shekara 4 a raba da 48, inbatar shekara 10 a raba da 120, famfo ma haka. A haɗa, a ƙara albashin mai kula, kuɗin inshora, da wani abu saboda tashin farashi, sannan a raba da yunit ɗin da ake sha a wata. Abin da ya fito shi ne farashin wutarku na gaskiya, ko da gwamnati ce ta sayi kayan tun farko. Zai fi abin da mutane suka zata, za a yi gunaguni a taro, amma kusan kullum yana ƙasa da kuɗin man da ake saya a da. Kuɗin canjin kaya a ware masa asusu daban wanda ba a taɓa shi don biki ko rance. Kowa kuma da mitarsa, zai fi kyau ta biya-kafin-ka-sha, domin bin maƙwabci bashi shi ne ke raba zumunci.

Mita tana da wani amfanin. Famfon da ba ya shan mai yana sa mutum ya sake shi tun safe har magariba, ruwan ƙasa ya yi ta sauka har rijiyoyin gari su ƙafe. Manoma shida a ƙauyen Dhundi na jihar Gujarat sun kafa ƙungiyar gama kai a 2016, suka jona famfunansu na sola da layin kamfanin wuta, suka ƙulla yarjejeniyar sayar masa da rarar. Daga nan duk awar da famfo ya yi a banza kuɗi ne ya fita daga aljihun mai shi, sai kowa ya koyi kashewa da kansa.

Mataki na goma: rarar wuta, da ranar da yarjejeniya za ta ƙare

Idan babban layi yana kusa, ku tambaya tun kafin ku sayi inbata ko doka ta yarda ku sayar, a nawa, kuma na shekara nawa. Garuruwan Jamus sun tsaya ne a kan dokar shekarar 2000 da ta lamunce wa mai samar da wuta tsayayyen farashi na shekara 20. Shekara 20 tana da tsawo ranar sa hannu, amma ta zo ta wuce, tashoshin gas da dama suka shiga neman yadda za su rayu da farashin kasuwa. Ku rubuta ranar ƙarewar taku a bangon ofis, kuma bashin banki ya ƙare kafin ita.

Inda babu layin da za a sayar wa, rarar tana nan dai da tsakar rana da kuma watannin da ba a ban ruwa. A nema mata aiki a cikin gari: injin niƙa, na matsar mai, na busar da kayan lambu, na ƙyanƙyasar ƙwai, ko walda. Mai irin wannan sana'a a ba shi rangwame idan zai yi aikinsa tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, a rubuta awannin a yarjejeniyarsa, kuɗin da ya biya kuma ya wuce kai tsaye asusun canjin batir.